Geron da Na Ɗauko a Shiyan

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Shiyan da hantsi, amma ban ga rana ba. Sama ta yi toka-toka, hayaƙin gawayin dutse ya cika gari, yana kama maƙogwaro kamar ana ƙona tsumma. Ina taka ƙasa sanyi ya bi ta takalmi ya hau mini har haƙora. Agali, Buzun garin Cake da aka haɗa mu ɗaki ɗaya tun daga Yamai, ya ja rawani ya rufe hanci, ya ce, "Mati, in nan ce aljannar manoman da aka ce za a gwada muna, a taimaka a maida ni wutar garinmu."

Ni ne Matin. Mutumin Kona ne ni, ƙasar Tasawa, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Maraɗi ba. Ni ba mai son yawo ba ne. Ko kasuwar Korgom na ci, hankalina ba ya kwanciya sai na hango itacen danniyar gidana. Lakwal kuwa aji biyu na yi aka cire ni. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, soja ke mulki, an ce kowa ya yi noman rani. Ƙasar Sin ta gayyaci manoma su zo su ga yadda ake yi. Supirefe, mai mulkin yankinmu, ya biyo ta garinmu, ya ga albasa kore a bakin ƴar rijiyar da na gina, ya nuna ni da sanda. Ba a tambaye ni ba. A zamanin nan in an ce kai ne, to kai ne.

Abin da supirefe bai gani ba shi ne cikin gidana. Rumbu fayau. Mun ci dusa, mun ci anza, mata sun tone gidajen tururuwa. An rufe iyaka, ba garin rogo daga kudu. Daga ƙarshe ɗiyata Mariya ta kwanta, kuka ma ba ta iyawa sai dai ta buɗe baki. Na hau turmi na sauke zangarniyar irin da ke rataye a rufin ɗaki, irin da babana ya zaɓa, ni ma nake zaɓa duk kaka. Na miƙa wa mai ɗakina, Rabi. Ta daka ta dama kunu. Haka na baro su, da tsohuwata Inna, damina na tafe, gona na nan shimfiɗe, ba ƙwaya ɗaya ta shuka. In ruwa ya sauka ba ni da iri, sai dai in jinginar da gonar.

Wannan shi ne abin da na ɗauka a ciki har ƙasar Sin.

Jagoranmu wani ajidan ne na soja, dogo, marar dariya. Tafintarmu yarinya ce ƴar Sin mai jin Faransanci. Ita ta gaya wa ajidan, ajidan ya gaya muna da Hausa. Kafin magana ta iso gare mu ta rame. Yarinya ta yi bayani mai tsawo, hannu na sama hannu na ƙasa, ajidan ya juyo ya ce, "Ta ce tsohon gari ne. Ku wuce."

To, tsohon gari ne kam. An ce sarakunansu na da can a nan suka zauna, gida bayan gida, tun kafin zuwan Musulunci. Ganuwarsu na fara gani. Na san ganuwa a bakin tsofaffi, amma wannan ta tubali ce baƙa, a kanta amalanke biyu za su gifta juna ba su gogu ba. Wani wuri ta zube ana gyara, mutane na hawa da tubali a kwando. A tsakiyar gari akwai soro mai rufi kamar fiffiken shaho, na ƙararrawa, ga wani kusa da shi na ganga. Kekuna kuwa kamar fara. Kowa da riga shuɗiya ko toka-toka, kowa na buga ƴar ƙararrawarsa, kirin-kirin, har yau in na rufe ido ina jin ta.

Duk inda muka tsaya sai a kewaye mu. Ba zagi, ba gaisuwa, kallo kawai. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta murza da yatsa, ta duba yatsan. Agali ya ce, "Bar ta, Mati. Ta ga ba ka wanka ne." Na ce, "Kai da ka naɗe fuska kamar mai jego, wa ya san abin da ke ciki?" Da irin wannan muke rage zafi. Shi ma ba daɗi ya baro ba, dabbobinsa duka sun mutu, har raƙumar da aka ba shi ranar suna.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne teburin otel. A jera kwanoni, kabeji, ƙwai, burodin da aka turara fari sol, shinkafa. In kai loma baki sai in ga bakin Mariya a buɗe. Ragowar da ake kwashewa a teburinmu kaɗai za ta riƙe gidana kwana da kwanaki. Na koma tsince ɓurɓushin burodi a kan tebur da yatsa ina lasa, ba don yunwa ba, hannun ne ya saba. Ajidan ya harare ni ya ce, "Kai, a nan kai ne ƙasa. Daina."

Wata safiya aka kawo muna kunu rawaya. Na kurɓa, na tsaya. Na sake kurɓa. Na ce, "Agali, wanga ai hatsi ne!" Ƙwayarsa ƙanana ne, ba su kai rabin namu ba, amma ɗanɗanon bai ɓuya ba. Na matsa wa ajidan sai da ya tambaya. Amsa ta dawo cewa geronsu ne, a kan tuddan da ruwa bai isa ba ake shuka shi, yana jure ƙishi, kuma yana nuna da wuri. Daga wannan safiya ban ƙara ganin komi a Shiyan ba sai geron nan.

An kai mu ƙauyuka. Ƙasarsu rawaya ce, mai laushi kamar gari, mutane sun fafe jikin tudu sun yi ɗakuna a ciki. Aka gwada muna injin ban ruwa, aka gwada muna rumfar leda da ake renon kayan lambu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a roƙa muna irin geron nan ko tiya guda." Ajidan ya ce, "Ba ya cikin porogaram. An kawo ku ku gani, ba ku yi bara ba."

An kuma kai mu wani ƙaton rami da aka yi wa rufi kamar tashar jirgi. A ciki sojoji ne na yumɓu, tsayin mutum, sahu-sahu, da dawakinsu, kowa da fuskarsa daban. Wani sarki ne ya sa aka binne su su tsare shi a kabari. Agali ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Ka gani? Ko ƙarƙashin ƙasa ka gudu, soja za ka tarar." Na danne dariya har na ƙware. Tafinta ta ce manoma ne suka gano su, shekarar fari, suna ginar rijiya. Nan na manta da tsoro na ɗaga murya: "To ruwan fa? Sun samu ruwan?" Ajidan ya juya tambayar. Yarinyar ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta wannan, ba ta sani ba. Na tsaya ina kallon ramin, ina tunanin mutanen da suka tona suna neman abin sha, suka ci karo da kan soja.

Ranar Juma'a ajidan ya yarda mu je masallaci, don shi ma yana so. Bayan soron ganga ne, ta cikin lunguna masu ƙamshin naman rago. Da aka ce ga masallacin sai na ce an ɓatar da mu. Ba hasumiya irin tamu, sai ƙofa bayan ƙofa, itatuwa, rufi mai lanƙwasa. Sai da na ga rubutun Larabci a jikin katako, na ga tsofaffi da fararen huluna, wani ya ce "Salamu alaikum" da wani irin lanƙwasa harshe. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Tun da muka baro Yamai ban ji maganar baƙo da na gane ba sai ranar.

A wurin alwala akwai wani tsoho mai dafa ruwa, siriri, da ɗan gemu kamar na bunsuru. Ya ga ina shirin sa hannu a ruwan sanyi, ya buge mini hannu kamar yaro, ya miƙo buta mai ɗumi. Na ji ana kiransa Law Ma. Ni dai Baba Ma na sa masa. Bayan salla ya ja mu ɗakinsa a gefen masallacin, ya ba kowa kwano da gurasa mai tauri, ya gwada muna yadda ake marmasa ta ƙanana da yatsu kafin a kwarara romon rago. Muna marmasawa wani ɗan guntu ya faɗi ƙasa. Na kai hannu, shi ma ya kai, hannuwanmu suka haɗu a kan abin da kaza ma za ta raina. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Sai ya nuna itacen da ke tsakar gida, ya yi kamar yana ɓare ɓawonsa yana ci. Ya kama cikinsa ya tura shi ciki. Ya nuna tsayin yaro da hannu, ya kwantar da hannun, ya sake nuna wani tsayin, ya kwantar. Ba tafinta a wurin, kuma ba a bukaci ta ba.

Da na ga ajidan ba zai nema mini iri ba, na nemi hanyata. Kusa da wata ƙofar ganuwa mutanen ƙauye kan baje kaya. Na sulale da rana lokacin hutu. Ga geron nan a buhu, rawaya, yana sheƙi. Ba ni da kuɗinsu, amma ina da manto, rigar sanyi mai kauri da gwamnati ta raba muna. Mai geron ya shafa manton, idonsa ya buɗe. Don kada a yi kuskure na yi masa shuka a gabansa: na sara da sungumin da babu, na jefa ƙwaya, na rufe da diddige, na ɗaga hannu na nuna tsiro yana tashi. Ya yi dariya, ya gyaɗa kai, ya ɗaga babban yatsa. Mutane suka taru suna dariya su ma. Na ɗauka rawar tawa ce ta ba su dariya. Ya cika mini jaka, na tuɓe manto na ba shi, na taho a guje cikin sanyi da ƴar shara, ina jin kamar na ɗauko damina a kafaɗa.

A garinmu abin da ke kasuwa tsaba ce. Ka saya, in ka so ka ci, in ka so ka shuka. Surfe aikin mata ne a gida. Ban taɓa jin ƙasar da ake surfa hatsi kafin a kai shi kasuwa ba.

Sanyin ya kama ni a ƙirji. Na kwanta ina tari, Agali ya lulluɓe ni da nasa manton, shi ya zauna cikin bargo yana zagina. "Bahaushe dai! An kawo ka birnin sarakuna, ka saida rigarka ka sayi abincin tsuntsu." Ajidan ya zo ya tsaya a kaina. "Ina manton gwamnati?" Na gwada masa jakar. Ya ce in mun koma zan yi bayani a gaban wanda ya fi shi. Na ce to. A raina na ce ko gidan kaso ne a kai ni, in dai an yi shuka.

Juma'a ta zagayo na lallaɓa masallaci, da geron cikin aljihu don in gwada wa Baba Ma. Na zuba masa a tafi, na sake yin rawar shukar nan ina murmushi. Bai yi dariya ba. Ya kai ƙwayar kusa da ido, ya murza, ya fara faɗa da ƙarfi yana girgiza kai, yana kaɗa hannu a fuskata. Raina ya ɓaci. Na ce wa Agali, "Ka ga tsohon nan? Ba ya son irinsu ya fita ƙasarsu. Rowa ce." Na miƙa hannu a ba ni abina, ya ƙi. Ya juya baya ya shige ɗaki da shi. Na fito ko sallama ban yi masa ba. Satin nan duka ina jin haushinsa, ina cewa ashe ɗumin ruwansa a buta ya tsaya.

Juma'ar ƙarshe, ana gobe za mu tashi, ban so zuwa ba, Agali ya ja ni. Muna idar da salla Baba Ma ya kamo hannun rigata, bai saki ba har ɗakinsa. A bayan murhu, inda ke da ɗumi, ya jawo kwanoni biyu, kowanne da jiƙaƙƙen tsumma a naɗe. Ya buɗe na farko, ya nuna ƙirjinsa. Ƙwayoyi ne masu ɓawo, duk sun tsage, sun fito da fararen saiwoyi kamar gashin jariri. Ya buɗe na biyu, ya nuna ni. Nawa ne. Ya kumbura ya yi yauƙi, yana tsami kamar gasarar da ta kwana. Ko ɗaya bai tsaga ba.

Na ɗauki ƙwaya ɗaya daga nasa na murza, ɓawon ya fita, sai ga irin tawa rawaya a ciki. Surfaffe na saya. Inji ya cire masa riga, ya kashe masa ido. Ni da na tashi cikin hatsi, da a ce namu ne ko a duhu na taɓa zan gane, amma wannan ban san kamanninsa da riga ba balle in san an tuɓe shi. Mai kasuwa ya sani. Masu dariya ma sun sani.

Na zauna a ƙasa. Da na kai geron nan Kona na zuba a rami, da na zauna ina jiran tsiron da ba zai fito ba har ruwan shuka ya wuce.

Baba Ma ya jawo kujera ya hau, tana rawa, Agali ya riƙe masa. Ya kai hannu cikin rufin ɗaki, bayan wani katako, ya sauko da ƴan zangarniyu ɗaure da zare, gajeru, masu lanƙwasa kamar wutsiyar kare, duk sun yi baƙin hayaƙi. Ba su cika hannu biyu ba. Na san abin da ake ratayewa a rufin ɗaki. Na san kuma mutumin da ya taɓa cin ɓawon itace ba ya kwana ba tare da shi a bisa kansa ba, ko da ya bar gona ya koma dafa ruwa a birni. Na ture hannunsa na ce, "A'a, Baba. A'a." Ya buge mini hannu kamar ranar farko, ya cusa mini su a cikin riga, ya ce, "Bismilla."

A filin jirgi aka ce za a buɗe kayanmu. Ajidan ya dube ni, ya dubi ƙirjina da ya yi tudu, ya ce, "Mi ke nan?" Na gwada masa. Ya karɓe ya sa a cikin jakarsa da ba a taɓawa. Sai a Yamai ya maido mini, yana kallon wani wuri, ya ce, "Ubana ma manomi ne. Maganar manto ta mutu."

Na iso Kona da la'asar a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Tun daga bakin gari na ga yadda mutane ke gaishe ni suna sunkuyar da kai. Inna ta rasu ina can ina kallon sojojin yumɓu. Aka kai ni na ga tudun kabarinta. Mariya na da rai, amma wuyanta ba ya riƙe kanta. Rabi ta buɗe jakar surfaffen geron, ta zuba a tafi, ta dube ni. Na ce, "Ba iri ba ne. An cuce ni." Ta ce, "Ko surfe ba ya so?" Na ce ba ya so. Ta ɗora tukunya. Da kunun nan rawaya aka yi ta ɗura wa Mariya, safe da yamma, har jakar ta ƙare. Kafin ta ƙare yarinyar ta zauna da kanta, ta ce a ƙara mata.

Ruwa ya sauka. Zangarniyun Baba Ma ba za su shuka ko gefen gona ba. Na je wurin wani mai hali a Tasawa na jinginar da rabin gonar babana, ta wajen gawon nan inda ta fi kyau, ya ba ni irin shuka. Rabin nan bai dawo ba har yau. Jikokinsa ke nomansa, in na wuce su gaishe ni da ladabi.

Na Baba Ma a bayan ɗaki na shuka shi. Ya fito. Bai wuce gwiwa ba ya yi kai, ya nuna tun hatsin gari bai fid da zangarniya ba, sai tsuntsayen Kona duka suka taru a kansa, don shi kaɗai ne abin ci a ƙasar. Ni da Rabi muka yi ta kora da gwangwani, muka tsira da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Maƙwabta suka zo kallo, suka ce wanga ai ciyawa ce, Mati ya je Sin ya ɗauko ƙarangiya. Bai ceci kowa ba. Rairayinmu ba ƙasarsa ba ce. Amma ban bari ya ɓace ba, duk damina ina ba shi ɗan wurinsa a bayan ɗaki.

Kakar farko na zaɓi kawunan da suka fi cika, nasa da namu, na ɗaure, na hau turmi ina ratayewa a rufi. Rabi na riƙe da turmin. Na ce mata, "Wanga karon ko mi za a yi, ba mai taɓa shi."

Ta ce, "Ko yaro na kuka?"

Na tsaya da hannu a sama. A tsakar gida Mariya na bin kaza da gudu, tana faɗuwa tana tashi. Na kwance ɗaurin, na sake rataye shi ƙasa kaɗan, inda hannun Rabi zai kai ko ba na gida.